FILIN MATA: Da Me Likita Ke Yi Wa Ƙirji Maho?

Makon jiya na yi muku alkawarin za mu ƙarasa maganar yaye. To, ku gafarce ni, na ɗage ta, domin wata takarda ta iso mini wadda ba ta iya jira.

Wata 'yar makaranta ce ta rubuto. Ba zan faɗi sunanta ko garinsu ba. Ta ce innarta ta yi shekara biyu tana ɓoye wani kullutu a nononta na hagu, ana ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, har ya fashe ya zama gyambo. Da aka kai ta babban asibiti aka yi watanni ana yi mata allurai, ciwon ya ja baya, sai likitoci suka ce yanzu ana iya yin aiki, amma fa dajin ya kama ƙashi, sai an cire nonon duka tare da haƙarƙari uku. Inna ta ce faufau. Dalilinta biyu ne. Na ɗaya, in an cire haƙarƙari uku ai an bar mutum da taga a ƙirji, da me zai yi numfashi? Na biyu, ta ji an ce roba da ƙarfe a ke cusawa a wurin, ita kuwa ba ta so ta koma ga Ubangijinta da kayan Turawa a cikin jikinta. Yarinya ta yi kuka har ta gaji, shi ne ta ce in taimaka mata da abin da za ta karanta wa inna.

Ƙanwata, kada ki ga wautar innarki. Tambayarta ta farko ita ce ainihin tambayar da likitocin duniya suka yi shekara fiye da 100 suna fama da ita. Na yi tambaya wurin masu aikin, na kuma yi karatu, ga abin da na samo mana.

Ku dubi ɗakin jinka. Akwai tsaiko, akwai ciyawar da ta rufe shi. Haka ƙirji ya ke. Tsaikonsa shi ne haƙarƙari 24, goma sha biyu kowane gefe, sun kama ƙashin baya, yawancinsu kuma sun zagayo gaba sun haɗu da ƙashin tsakiyar ƙirji. Jinkarsa kuwa ita ce tsoka da kitse da fata. Bambancin kawai shi ne, tsaikon ɗaki a tsaye ya ke, na ƙirji kuwa ba ya hutawa. Yana buɗewa yana rufewa kamar zugazugin maƙera, wajen sau 20,000 kowace rana, kuma buɗewar nan ita ke jawo iska cikin huhu. In aka cire haƙarƙari da yawa aka ja fata kaɗai aka rufe, to, sa'ad da mutum ya ja numfashi sauran ƙirjin zai taso, wurin da babu ƙashi kuwa sai ya lotsa ciki, kamar labulen da iska ta zuƙa. Numfashi ya zama rabi ke nan, tari ba ya fita sosai, majina ta taru a huhu. Ga kuma zuciya nan gaba ta wajen hagu, ba abin da ya kare ta daga bugu.

Ƙaramin gurbi ba ya bukatar kome. In faɗinsa bai kai santimita 5 ba, watau kamar yatsu uku, yawanci tsoka kaɗai ta isa. A baya ma, ƙarƙashin allon kafaɗa, ko ya ninka haka allon ya kan tsare shi. Amma haƙarƙari uku a gaba, irin na inna, lalle sai an yi maho. Kuma aikin biyu ne, a mayar da tsaiko, sa'an nan a mayar da jinka.

Wahalar abin ita ce, jikin ɗan Adam ba ya son baƙo. Wadda sartse ya taɓa shiga ƙarƙashin farcenta ta san haka, wurin ya kan kumbura ya yi mugunya har sai ya tofar da shi. Saboda haka duk ilmin nan ya tsaya ne a kan neman abin da jiki zai haƙura da shi. Ashe kuwa maganar tsohuwa ce. Malaman Hadisi, irin su Abu Dawuda da Tirmizi, sun ruwaito labarin wani Sahabi mai suna Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a wani yaƙi tun zamanin jahiliyya. Ya yi hancin azurfa, sai ya yi masa wari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce shi ya yi na zinariya. Zinariya fa, wadda aka hana maza ado da ita! Ƙanwata, ki karanta wa inna wannan sau biyu, in ya so a kira malamin da ta yarda da shi ya ƙara mata bayani. Ni dai a ganina tambayarta ta biyu ta sami amsa tun kafin a haifi kakannin Turawan da ta ke gudun kayansu.

To, yau me a ke sawa? Abin da aka fi sawa, kuma mafi sauƙin samu, shi ne raga. Wani likita ne a birnin Houston na Amurka, sunansa Francis Usher, ya fito da ragar roba a shekarar 1958, don toshe ɓarakar bangon ciki inda hanji ke turowa. Bayan 'yan shekaru ya sake ta da wata robar da ta fi jure tafasa, ana kiranta folifirofilin. Kada sunan ya ba ku tsoro, dangin robar nan ce da a ke saƙa buhun taki da ita, sai dai ta asibiti an tace ta, an tsabtace ta ƙwarai. In kun gan ta sai ku ce gidan sauro ne mai kauri. Likita ya kan yanka ta daidai gurbin, ya ɗinke ta a bakin haƙarƙarin da suka saura da zaren da ba ya narkewa, ya ɗame ta tam kamar fatar ganga. Hikimar tana cikin hudojin. Cikin makonni nama ya kan tsiro ya bi ta cikinsu, kamar yadda kabewa ke bin danga, har raga da nama su zama abu guda.

Akwai wani kuma wanda ba shi da hudoji manya, kamar ƙyalle ya ke mai santsi, kaurinsa milimita 2, iska da ruwa ba su ratsa shi. Sunansa Gore-Tex, wani Ba'amurke Bob Gore ya gano yadda a ke yinsa a 1969. Uwargida, kin san tukwanen zamani da abinci ba ya kamawa a cikinsu? Abin da a ke shafa musu da wannan ƙyalle asalinsu ɗaya. Ana sa shi inda a ke so wurin ya toshe ruf, amma da ya ke nama ba ya shiga cikinsa sosai, baƙo ya ke zama har abada.

In gurbin babba ne, raga kaɗai ba ta tsayawa. Wajen 1981 likitocin New York suka bayyana wata dabara wadda ni ta tuna mini lifidin doki, yadda a ke cusa auduga tsakanin ƙyalle biyu a ɗinke. Su kuwa raga biyu su ke shimfiɗawa, a tsakani su zuba wani ƙullu da a ke kira sumuntin ƙashi, dangin abin da a ke yin dasashin haƙoran roba da shi. Cikin mintoci kaɗan ya sandare ya zama faranti daidai siffar ƙirjin. Yana ɗaukar zafi sa'ad da ya ke sandarewa, don haka sai an kare huhu daga gare shi. Yana da araha, yana da ƙarfi, amma ƙarfin nan shi ne aibinsa. Ƙirji yana motsi, faranti ba ya motsi. Wasu ya kan dame su da ciwo, wasu ruwa ya taru a kansa, wasu ma ya tsage.

Daga nan aka koma wa ƙarfe, amma ba irin na maƙeranmu ba. Taitaniyam sunansa, ba shi da nauyi, ba ya tsatsa, ƙashi kuma ba ya ƙinsa. Ana yin sanduna sirara da shi, a lanƙwasa su kamar haƙarƙari, a ɗaure daga wannan guntun ƙashi zuwa wancan, sa'an nan a shimfiɗa raga. A 2015, a asibitin jami'ar Salamanca ta ƙasar Sifen, an cire wa wani mutum mai shekara 54 ƙashin tsakiyar ƙirji da wani sashe na haƙarƙarinsa saboda daji. Aka aika da hoton cikin ƙirjinsa can Ostareliya, na'ura ta narkar da garin taitaniyam tana jera shi sama-sama har ya fito daidai ƙashin da aka cire, aka aiko aka sa masa. Kwana 12 da yin aikin ya koma gida. Abin al'ajabi ne, amma kada mu ruɗu. Tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin mutane ko a can Turai, sandunan taitaniyam kuma su kan karye ko su kwance a jikin wasu bayan shekaru, kamar yadda waya ke karyewa in an yi ta lanƙwasa ta.

Akwai maho iri na ƙarshe wanda ya kamata mu Musulmi mu sani. Ana ɗaukar fatar dabba, ko tantanin da ya lulluɓe zuciyar saniya, ko fatar mutumin da ya yi wasiyya da ita, a wanke ta da magunguna har duk abin da ke da rai a ciki ya fita, saura saƙar kaɗai. Jiki ya kan aika da jijiyoyin jini cikinta, a hankali ya mai da ita tasa. Ta fi roba jure wurin da ya riga ya gurɓace, sai dai ta fi tsada nesa ba kusa ba, ta kan kuma saki da daɗewa. Wasu daga cikin irin waɗannan da fatar alade a ke yinsu. Don haka in likita ya ambaci mahon da aka samo daga dabba, ba rashin kunya ba ne ki ce, "Likita, wace dabba?" Akwai na saniya.

Yanzu mu zo kan jinka, wadda ita ce ta fi burge ni. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Duk mahon da na lissafa, da raga da sumunti da ƙarfe, babu mai jini a cikinsa. Abin da ba shi da jini kuwa ba ya iya kare kansa. In ƙwayoyin cuta suka sauka a kansa sai su yi gida, magani ba ya isa gare su sosai, wani lokaci dole a sake buɗewa a cire mahon ɗungum. Saboda haka ba a barinsa a fili, ba a kuma rufe shi da fata sirara kaɗai, balle fatar da aka riga aka gasa da hasken kashe daji. Sai an lulluɓe shi da nama mai rai. Naman nan kuwa ba a sayo shi daga ko'ina, a jikin mai ciwon a ke ɗauka.

Ku ɗaga hannu ku taɓa bayanku ƙasa da hammata. Akwai wata tsoka mai faɗi kamar faifai, ta shimfiɗu tun daga kwankwaso ta haura ta kama ƙashin damtse. Babbar jijiyar da ke ba ta jini a hammata ta ke. Likita ya kan ɓanɓaro tsokar nan tare da fatar da ke kanta, ya bar ta a maƙale ta wurin jijiyar, ya kewayo da ita ta ƙarƙashin hammata zuwa gaba, kamar yadda mu ke kewayo da gyale daga baya mu rufe ƙirji. Ta canja mazauni amma ba ta rabu da jininta ba, don haka ba ta mutuwa.

Wani likitan Italiya, Iginio Tansini, shi ya bayyana wannan dabara tun 1906. Amma a zamanin nan maganar wani babban likitan Amurka a ke ji, William Halsted, wanda a 1894 ya buga labarin irin aikinsa: a cire nono, a cire tsokokin ƙirji, a kwashe kaluluwar hammata, a bar haƙarƙari ana ƙirga su ta ƙarƙashin fata. Shi bai yarda da a tsaya gyaran wurin ba, almajiransa kuma suka bi shi. Haka dabarar Tansini ta kwanta wajen shekara 70, sai bayan 1970 aka tono ta. Na kan yi tunanin matan da suka rayu cikin shekarun nan suna ƙudundune da mayafi ko a ɗakin mijinsu, alhali maganin abin yana rubuce a takarda.

Ba baya kaɗai ba. Ranar Babbar Salla in an feɗe rago, kun san tantanin kitsen nan da ke lulluɓe da hanji kamar mayafi? Mu ma muna da shi, cike ya ke da jijiyoyin jini, ga shi gwanin yaƙi da ruɓa. Wani likitan Romaniya, Kiricuta, ya nuna a 1963 ana iya jawo shi sama a shimfiɗa a ƙirjin da ya ƙi warkewa, sa'an nan a shafto fata sirara daga cinya a rufe shi. A 1982 kuma Carl Hartrampf na birnin Atlanta ya nuna yadda a ke ɗaukar fata da kitsen mara a gina sabon nono da su. Yau har ana yanko naman gaba ɗaya, a kai shi ƙirji, a ɗinke jijiyoyinsa da na wurin ƙarƙashin madubin ƙara girma, da zaren da ya fi gashi siranta. Ni da na ke koya wa yara ɗinki, na ke faɗa in sun yi ƙafar kaza a bakin zane, da na ji wannan sai na yi shiru. Wannan sana'a ta ɗauko nama daga nan a rufe can ba a Turai kaɗai ta ke ba. Da ita a ke gyara fuskokin yara a asibitin cutar noma na Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, akwai kuma masu yin ta a manyan asibitocin koyarwa.

Kada in yi muku daɗin baki. Inda aka ɗauki nama akwai tabo, kafaɗa ta kan ɗan rage ƙarfi, ruwa ya kan taru a baya, za a kuma kwana da bututun roba yana tsiyayar da shi. Mai ciwon sukari da mai shan taba rauninsu ya fi jinkirin kamewa. Sai an dage da motsa hannu yadda ma'aikata suka nuna, in ba haka ba kafaɗar ta sandare.

Siffar nono kuwa magana ce dabam, ba ta hana numfashi. Tun 1962 a ke sa jakar silikon ƙarƙashin fata ko tsoka, amma ba ta dawwama, ta kan yi tauri ko ta huje a sake ta. A 2010 ma hukumar Faransa ta hana sayar da na wani kamfani, PIP, da aka gano ya cika su da silikon ɗin masana'antu. Mata da yawa sun gwammace su bar wurin a shafe su sa ɗan matashi mai taushi cikin rigar nono, ba mai ganewa ta kan riga.

Ku kuma sauran masu karatu, kada labarin inna ya sa ku ce duk mai kullutu sai an fasa mata ƙirji. Yawancin kulluttan nono ba daji ba ne. Wanda ya ke daji ma, in an same shi ƙarami, likitocin Milan a 1981 da na Amurka a 1985 sun nuna cire kullutun kaɗai a bi da haske yana tsawaita rai daidai da cire nonon duka. Ko an cire nonon, yawancin mata ba a taɓa ƙashinsu, ba su bukatar raga ko ƙarfe. Shekara biyun nan ta ɓoyo ita ta kai inna ga haƙarƙari uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 mata miliyan 2.3 aka samu da dajin nono a duniya, 670,000 suka rasu. A Nijeriya shi ne dajin da ya fi kama mata, kuma mafi yawanmu ba mu zuwa sai ya yi nisa. Kunya ce, da tsoron wuƙa, da tsoron kishiya ta ji, da kuɗin mota. Na san su duka, a gidanmu ma akwai su.

To, ƙanwata, ranar da za ku koma asibiti ki tafi da takarda da fensir, a tafi da babanki ko kawunki, wanda inna ke jin maganarsa, wanda kuma zai ji batun kuɗi da kunnensa. Ki gaida likita da ladabi, ki tambaye shi da me zai tsai da ƙirjin, daga ina zai ɗauko naman rufewa, kwana nawa za a yi, kayan kuma suna nan ko sai an sayo, nawa ne. Akwai tambaya ɗaya mai nauyi da ba a son yi, amma ki yi ta. Aikin nan don a warkar ne, ko don a sauƙaƙa? Wani lokaci dajin ya riga ya tafi wani wuri, aikin ba zai kore shi ba, amma zai raba mace da gyambo mai wari da zubar jini, ta zauna cikin mutane, ta yi salla da tufa mai tsarki, jikokinta su hau cinyarta. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne. Inna ce mai jikin, ita za ta yanke, amma ta yanke bayan ta ji gaskiya. Kada ki yi mata gardama gaban mutane. Ki bari sai bayan lisha, ku biyu, ki karanta mata a hankali, inda ta ce ki maimaita ki maimaita. Allah Ya ba ta lafiya, Ya sa kaffara ne. Ki sake rubuto mini in ji yadda kuka ƙare.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu zan nuna muku yadda a ke yanka ɗan matashin nan na rigar nono, da yadda a ke yi masa aljihu don kada ya zame. Ku tanadi ƙyallen auduga mai taushi rabin yadi, da allura, da zare, da auduga gurzajjiya cikin tafi biyu. Maganar yaye sai ta biyo baya.

Taku,
Malama